Jarfar Hannun Usta Halil

Aikin direba aka ce zan yi a Riyad. Abin da ejan ɗin da ya yi mini biza ya rantse a kai ke nan, kuma Allah ya isa tsakanina da shi. Da na sauka sai na tarar mutanen gidan da aka kai ni a Shumaisi ba direba suke nema ba, jaki suke nema. Ni ne wankin tsakar gida, ni ne wankin ban-ɗaki, ni ne ɗaukar tukunyar gas zuwa hawa na uku. Fasfo kuwa tun a filin jirgi kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar ke hannunsa, ya karɓe ya zura a aljihu. Na yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ni. Ranar da autan gidan ya sa yatsa a kumatuna yana ƙirga tsagata, uwarsa na daga ƙofa tana taya shi dariya, ranar na ɗauki 'yar jakata na fice. Ni Bagobiri ne, ɗan wanzamai. Ubana da hannunsa ya yi mini tsagar nan, shida a nan bakwai a can. Ba abin wasan yara ba ce.

Daga nan sai kasuwar kayan gwari ta Aziziya, inda duk wanda ya gudu daga kafilinsa yake faɗawa. Wani mutumin Maraɗi mai suna Ila ya tsince ni a gindin tirela ina raba ido. Da ya ga fuskata sai ya ce, "Kai, ɗan gida ne ashe! Taso ka ci tuwo." Wallahi tun da na bar gida ba wanda ya ce mini taso ka ci sai shi. Ya sama mini shimfiɗa a ɗakinsu, ya sa ni dakon albasa da tumatir. Aiki ne mai cin ƙashin baya, ga fargaba, don ko jiniyar motar 'yan sanda ka ji daga nesa sai ka nemi wurin ɓuya. Abin da na fito da shi daga gida mai daraja ɗaya ne, askar babana. Ran Juma'a nakan zauna bayan manyan motoci in yi wa mutanenmu aski, wanda ya samu ya ba ni, wanda bai samu ba ya ce Allah ya saka.

A nan Usta Halil ya gan ni. Dattijo ne Baturke, gajere, mai furfura a gashin baki, ya zo sayen lemon tsami. Ya tsaya da ledarsa a hannu yana kallona ina kwashe wa Ila suma, ba kumfa ba komai sai ruwa. Can ya ce da Larabci, "Wa ya koya maka riƙon aska haka?"

Na ce, "Babana. Shi ma babansa."

Ya ce, "To me kake yi da buhun albasa?"

Na ce, "Albasar ce ba ta tambayar iƙama."

Ya yi dariya har da tari. Iƙama ita ce katin izinin zama, wanda ba ya da ita a ƙasar nan bai fi kaza ba. Mako bai zagayo ba na koma shagonsa a Suwaidi. Usta a bakinsu shi ne maigida a sana'a, kuma kowa haka yake kiransa. Ba ni da takarda, saboda haka ba ni da damar taɓa kan kowa a shagon. Shara, wankin tawul, dafa shayi, sai kwana a ɗan ɗakin baya. Amma na samu inuwa, na samu mai ce mini Sa'idu, ba "kai" ba.

Aikinsa abin kallo ne. Zai naɗe auduga a bakin waya, ya tsoma a sifirit, ya kunna wuta, ya riƙa kaɗa ta a kunnen mutum fat-fat, gashin kunne ya ƙone mutum bai ji komai ba. Na ce masa a garinmu ka nufo kunnen Bagobiri da wuta, sai dai a raba ku. Ya ce shi ya sa kunnuwanmu suka yi kama da gonar gero. Haka muke, ya tsokane ni in rama. Shagon ba nasa ba ne, don baƙo ba ya mallakar shago. Na wani tsohon Balarabe ne, Abu Fahad, wanda shi ne kafilin Usta shekara da shekaru. Mutumin kirki. Yakan zo a gyara masa gemu, ya sha shayi, ya gan ni ya yi kamar bai gan ni ba.

Abu ɗaya na lura da shi: duk zafin Riyad, Usta ba ya naɗe hannun riga. Ko alwala zai yi sai ya shiga ɗakin baya ya turo ƙofa. Wata rana na shiga ɗaukar tawul na same shi a bakin famfo. A cikin wuyan hannunsa na dama akwai zane shuɗi mai duhu, kamar ɗan mataji mai haƙora, da ɗigo uku a samansa. Ya yi sauri zai rufe.

Na ce, "Haba Usta, wanzami kake ɓoye wa jarfa?"

Ya ce, "Me ka kira ta?"

Na ce, "Jarfa. Haka muke ce mata."

Ya zauna a kan bokiti ya miƙo mini hannun. Ya ce, "Yaran zamani su ce tatu, irin na 'yan ƙwallo, zaki da maciji. A biranen ƙasarmu su ce dobme. Larabawan nan su ce washam, su yamutsa fuska. Mu a ƙauyenmu, can kusa da iyakar Siriya, dak muke cewa. Kowa da sunan da yake ba ta, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Tatu kai kake zuwa ka zaɓa ka biya. Wannan ban zaɓa ba. Uwata ta yi mini da allura ina jariri."

Ya ce 'ya'ya uku ta binne kafin shi, sai tsofaffi suka ce ta yi masa alama ko Allah zai bar mata shi. Baƙin tukunya ake kwaɓawa da nonon matar da ke shayar da 'ya mace, a zana, a bi da allura.

Na ce, "Ikon Allah! Ai ɗan wabi ke nan. Mu ma haka ake yi masa, kuma da baƙin tukunyar."

Ya dubi fuskata ya ce, "To kai naka duka 'yan'uwanka nawa suka mutu, aka yi maka wannan garma?"

Na ce, "Usta, ka kiyaye ni."

Tun daga ranar ya daina turo ƙofa in ni kaɗai ne. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ana nan sai Abu Fahad ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɗansa Fahad ya karɓi shagon. Saurayi ne da bai daɗe da tara gemu ba, irin waɗanda suka shiga addini jiya suke ganin kowa ɗan wuta ne. Ba ya sallama, sai dai ka ga mutum a kanka. Wata azahar ya faɗo ɗakin baya neman makullin durowa, ya tarar da Usta yana wanke hannu zuwa gwiwa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Usta ya ce, "Tun ina jariri ne, ya Fahad. Mahaifinka ya sani."

"Washam! A shagona? Da wannan hannun kake taɓa gemun Musulmi?"

Usta ya fara yi masa bayani, dak daban, tatu daban. Fahad ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi bai san wani dak ba, ka kira shi da Turkanci ko da Turanci, washam washam ne. Iƙamar Usta ta kusa ƙarewa. Ya ce ko dai ya goge abin nan ya sabunta masa, ko kuma ya buga masa bizar fita daga ƙasar ta har abada.

Ni kuwa ina tsaye da tire a hannu, jinina na tafasa. Na ce, "To ni fa, ya shaihi? Ga tawa a fuska."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce wa Usta, "Wannan takaruni ne, su haka suke. Wa yake kallonsa?"

Takaruni shi ne sunan da suke kiran baƙar fata irinmu. An zage ni a ƙasar nan iri-iri, amma ba zagin da ya taɓa ci mini rai kamar wannan. Tsaga goma sha uku a fuskata, a fili, ba ta dame shi ba, don a wurinsa fuskar ba ta mutum ba ce.

Abin da Usta ke da shi ke nan: kujerar askinsa. Kuma ba cikinsa kaɗai take ciyarwa ba. Yaƙin Siriya ya koro dangin matarsa sun tsallako sun cika masa gida, ga 'ya'yansa mata biyu a makaranta, ga tsohuwarsa. In ya koma gida, shekarunsa sun wuce a ɗauke shi aiki a shagon wani. Ya je asibitin da ake gogewa da na'ura, aka ce sai an yi ta zuwa wata da watanni, iƙamar kuwa ba za ta jira ba.

Na ce bari in gwada tawa. Akwai wani ɗalibi mutumin Zariya, Malam Habibu, da ke karatun shari'a a jami'a, muna haɗuwa a masallaci. Na kai masa maganar. Ya ce, "Malam Sa'idu, abin da aka yi wa mutum yana jariri ba shi da alhakinsa. Kuma in cirewar za ta cutar da shi, malamai ba su ɗora masa ba." Bawan Allah, har shago ya biyo ni, ya zauna ya yi wa Fahad bayani da Larabcin da ya fi nasa tsabta. Fahad ya saurara yana danna waya. Da Malam ya gama sai ya ce, "Jazakallahu. Amma shagon nawa ne." Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Da yamma bayan mun rufe don sallar magariba, Usta ya ce in ɗauko askar babana. Na ɗauko, na zaci wasa zai yi mata. Sai ya naɗe hannun riga ya ɗora hannun a kan tebur.

Ya ce, "Kai wanzami ne. Ka feɗe fatar wurin. Ba za ta kai faɗin riyal ba."

Na ce, "A'uzubillahi! Usta, ka san me ke ƙarƙashin wurin nan? Jijiyoyin yatsunka ne a jere. Babana ya yi kaciya, ya cire beli, ya yi ƙaho, bai taɓa sa aska a wuyan hannu ba. Ga ciwon suga gare ka, ƙurji ma ba ya warke maka da wuri."

"Ka yi a hankali."

"Mu sawa muka gada, ba mu gaji cirewa ba."

Ya ce, "Sa'idu, na ɗauko ka daga cikin albasa."

Maganar ta soke ni. Na ce, "Ka ɗauko ni, ban musa ba. Ka ce in sha wuta zan sha. Amma ba zan yanka hannun da ya ba ni abinci ba, ko za ka kore ni yau."

Bai kore ni ba. Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Kwana biyu ba ya tsokanata, ni ma na kama bakina. Har gobe in aka maido ni ranar nan, ba zan yanka ba.

Ran Juma'a da safe shago a rufe yake sai bayan masallaci. Na je Aziziya gaida su Ila, na dawo da hantsi. Ina ɗaga ƙofa wani wari ya doke ni, irin na babbakar kan rago ranar Layya. Na tarar da Usta zaune a ƙasa ya jingina da kujerar aski, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Ga kwalbar sifirit a buɗe, ga cokalin shayi ya yi baƙi ƙirin a gefensa. A wutar da yake ƙona gashin kunne ya gasa cokalin, ya danna a wurin. Ba sau ɗaya ba, don ya ce na farko bai cinye ɗigon ba.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Usta, me ka yi? Me ka yi wa kanka?"

Ya ce, "Duba mini. Ya fita?"

Na duba. Babu mataji, babu ɗigo, babu fata. Na zage shi da Hausa, zagin da ban taɓa yi wa babba ba, ina yi ina kuka ina zuba masa ruwan sanyi.

Washegari ya nuna wa Fahad. Fahad ya leƙa, ya kau da kai, ya ce, "Masha Allah. Allah ya karɓi tubarka." Ya sabunta masa iƙama a makon. Usta ya shigo da katin yana murmushi, ya ce, "Ka gani? Wanzami matsoraci."

Na ce mu je asibiti. Ya ce in ya kwanta wa zai riƙe kujera, Fahad kawo wani zai yi. Ya naɗe wurin da bandeji, ya saki hannun riga, ya ci gaba da aiki. Hannun nan kullum cikin ruwa da sabulu da gashin mutane. Ina wanke masa safe da yamma, ina shafa zuma, ina sayo abin da mai kemis ya ba ni. Wurin ya ƙi kamewa. Ya fara ruwa, ya fara wari, har yana fesa turare a hannun riga don kada masu aski su ji. Na ce, "Usta, wannan ya fi ƙarfin zuma." Ya ce gobe. Kullum gobe. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Ranar da abin ya ƙare, yana tsakiyar gyara wa wani gemu reza ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Hannun ya kumbura har gwiwa, jikinsa zafi rau. Na tare tasi na kai shi asibiti. A bakin ƙofa na tsaya, don ana duba takarda, ni kuwa ba ni da ita. Ina kallo ya shiga shi kaɗai, yana tafe yana dafa bango. Ban taɓa jin na tsani rashin 'yanci irin na ranar ba.

Sun ceci hannun, ba su yanke ba. Amma sun kwashe ruɓaɓɓen nama har da jijiya. Da ya fito, babban yatsa da biyu na kusa da shi sun sandare, ba sa haɗuwa. Ya zauna a ɗakin baya yana gwada riƙe almakashi, ya faɗi, ya ɗauka da hagu ya mayar, ya sake faɗuwa. Fahad bai yi dogon jira ba. Ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba. Ya kawo wani saurayi ya ba shi kujerar, ya buga wa Usta fita. Iƙamar da aka ƙona hannu dominta ko rabin wa'adinta ba ta ci ba. Ni ma aka ce in nemi gaba, na san Aziziya zan koma.

Ana gobe zai tafi, da la'asar, ya kira ni ɗakin baya. Na ga ya ajiye allura, da butar shayinmu ya kife ta, gindinta baƙi.

Ya ce, "Ka ce sawa kuka gada."

Na ce, "Haka na ce."

Ya miƙo hannun hagu. "To sa mini. Kai kaɗai ka ga zanen da kyau. Tsohuwata na da rai, idonta ya yi rauni. Duk zuwan da na yi gida, kafin ta tambayi lafiyata sai ta kamo hannuna ta kai kusa da ido ta duba. Ba zan je mata hannu wayam ba."

Na ce, "Usta, da sugan naka?"

Ya ce, "Allura ce, ba cokali ba. Kuma me ya rage da za a kore ni a kai?"

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ga wanzami yana roƙonta da hawaye a gashin baki. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ƙona allurar, na goge wurin da sifirit, na kankare baƙin buta. Ba mu da nonon mai shayarwa, da ruwan zamzam ɗin da ke shagon na kwaɓa. Na zana matajin, na sa ɗigo uku, na bi da allura sama-sama yadda ba zai yi rauni ba. Bai ko motsa ba. Da na gama ya daɗe yana kallo, ya ce, "Naka ya fi nata miƙewa." Ban raka shi filin jirgi ba, a bakin titi muka rabu.

Na koma dakon albasa. Bayan wasu makonni ina cikin sauke kaya wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ji an ce, "Ya mai gonar gero!" Na ajiye buhu na koma bayan mota. Muka gaisa. Ya ce hagun ya warke lafiya lau, hannuna na da kyau. Na tambayi lafiyar 'ya'yansa, na tambayi gida. Sannan na ce, "Tsohuwa fa? Ta gani?"



Ya ce, "Na miƙa mata hagun. Ta ture shi. Ta kamo na daman, ta yi ta shafa tabon da yatsa. Ba ta tambaye ni me ya faru ba, ba ta tambaye ni wa ya sa ni ba. Cewa ta yi, 'Ranar da na yi maka, a cinyata kake, ƙanwata na riƙe da ƙafafunka. Wannan da aka yi maka, wa ya riƙe ka?'"

Na ce, "Me ka ce mata?"

Ya ce, "Na ce mata babu kowa."